Ku Daina Yi Wa Mai Nazarin Gizo-gizo Dariya

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sakko daga masallaci, muna zaune a zauren gidanmu ana jiran a fito da abinci, sai ɗan ƙanena ya shigo ya gaishe mu. Yana shekarar ƙarshe a jami'a, sashen nazarin dabbobi. Babban yayanmu ya tambaye shi a kan me zai yi binciken kammala karatunsa. Yaron ya ce, "Baffa, a kan gizo-gizon gonakin shinkafa ne. So nake in tattara su, in gano ire-irensu."

Zaure ya kece da dariya. Wani ya ce, "Kai ɗan nan, duk ɗawainiyar da ubanka ya yi, a kan tautau za ka ƙare?" Wani ya ce in ya karɓi digirin, ya zo ya kwashe masa yanar da ta cika saman shagonsa. Yaron ya yi murmushin yaƙe, ya miƙe ya shige cikin gida. Har aka ci abinci aka watse bai sake fitowa ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ra'ayina a fili yake: aikin tattara halittu, a bambance su, a raɗa wa kowace suna, a rubuta kamanninta, shi ne harsashin da noma da kiwon lafiya suke tsaye a kai. Mu da muke cin ƙasa da noma, muke fama da sauro da kunama da maciji, mun fi kowa buƙatar masu wannan aiki. Kuma mu ne muke korar yaranmu daga gare shi da dariya.

Bafaranshen da ya yi shekara 60 a kan gizo-gizo

Akwai wani mutum mai suna Eugène Simon. An haife shi a birnin Paris a 1848, ya rasu a can a 1924. Yana ɗan shekara 16 ya wallafa littafinsa na farko a kan gizo-gizo, a 1864. Shekarun da a wajenmu yaro yake shirin jarrabawar gama sakandare ke nan. Daga lokacin har ranar da ya bar duniya bai saki wannan aiki ba.

Ya yi yawo da ƙafarsa. Ya je Sifen da Maroko da Aljeriya da Masar, ya je Benezuwela, ya je Filifin da Sirilanka da Afirka ta Kudu. Inda bai samu zuwa ba, matafiya suka aiko masa da abin da suka kamo. Da haka ne ya yi rubutu a kan gizo-gizon Khartum, da kuma waɗanda wani Ba'italiye mai suna Leonardo Fea ya tattaro a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Tsakanin 1892 da 1903 ya sake rubuta littafin nan nasa na ƙuruciya, ya zama mujalladi biyu masu shafi sama da 2,000, inda ya jera dangogin gizo-gizon duniya da aka sani a zamanin, kowane gida da 'ya'yansa. Wani aikin da ya fara a 1874 kan gizo-gizon ƙasarsu da danginsu, mutuwa ta riske shi bai gama ba. Abokan aikinsa biyu, Lucien Berland da Louis Fage, su suka ƙarasa, kashi na ƙarshe ya fito a 1937, shekara 13 bayan an binne shi.

A rayuwarsa ya raɗa wa nau'in gizo-gizo sama da 4,000 suna. Har yau ba a samu wanda ya kamo shi ba.

Ka tsaya ka kwatanta yadda aikin yake. Ga halitta da wata ba ta kai ƙwayar gero ba, kwance a cikin ɗan ruwan sifirit. Ka sa madubin ƙara girma. Ka ƙirga idanu: yawanci takwas ne, wasu shida, kuma yadda aka jera su a goshi yana nuna dangi. Ka duba ƙarshen ƙafa, farce biyu ne ko uku. Ka duba 'yan tsinkayen da zare yake fitowa daga gare su a bayan ciki. Sannan ka zo kan abin da ya fi komai rarrabe nau'i da nau'i, wato gaɓoɓin haihuwa, na namiji a kan wasu ƙananan hannuwa biyu da ke gefen baki, na mace a ƙarƙashin ciki. Gizo-gizo biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, sai a nan ne za a ga ba ɗaya suke ba. Ka rubuta, ka rufe kwalba, ka ɗauko ta gaba. Haka mutumin nan ya yi shekara 60, ba kwamfuta, ba kyamarar waya.

Ba na cewa ba shi da aibi. Bayanin da ya yi wa wasu nau'o'in gajere ne ƙwarai, sau da yawa babu zane. Yana kuma da ɗabi'ar zuba waɗanda aka kamo a wurare daban-daban a kwalba guda in ya ɗauka nau'i ɗaya ne, abin da har yanzu yake ba masu bincike ciwon kai. Amma duk wanda ya zo gyara kuskurensa, a kan ginin da ya yi yake tsaye yana gyaran.

"Ana fama da yunwa, kana maganar gizo-gizo?"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ba na raina ta. Wanda bai ci ba, da wuya ya saurari zancen idon tautau. Sai dai zancen gizo-gizo zancen abinci ne kai tsaye.

Kusan duk gizo-gizo mafarauta ne. Ba ya cin ganye, ba ya huda kara, ƙwari yake ci. A 2017 wasu masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, suka yi ƙiyasin cewa gizo-gizon duniya yana cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a kowace shekara. Ma'aikaci ne da ke gadin gona dare da rana, ba ya karɓar kuɗin ƙwadago.

Manoman shinkafa na Indunusiya sun ga abin da ke faruwa in aka kashe wannan mai gadi. Akwai wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan jikin shinkafa har ta bushe kamar an sa mata wuta. Da aka yawaita feshi, sai maganin ya kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwaron, shi kuwa ya sake ƙyanƙyashewa ba mai tare shi. Ana ƙara feshi, ɓarna tana ƙaruwa. A 1986 gwamnatin ƙasar ta haramta amfani da magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa, aka shiga koya wa manoma su riƙa shiga gona suna bambance ƙwaro mai ɓarna da mai taimako. Ba a iya koyar da wannan darasi ba sai da aka fara samun waɗanda suka san wane gizo-gizo ne yake zaune a gindin shinkafa, me yake ci, yaushe yake haihuwa.

Yanzu ka je Kura ko Auyo ko fadamun Kebbi da damina. Za ka ga yaro da tankin feshi a baya, ba takunkumi, ba safar hannu, ya gauraya magani biyu ko uku bisa shawarar mai shago. Duk abin da ya motsa a gona sunansa ƙwaro, kuma ƙwaro maganinsa feshi. Kuɗin magani yana tafiya, lafiyar yaron tana tafiya, mai gadin gonar ma yana tafiya. Binciken da aka yi wa ɗan ƙanena dariya a kansa, ƙoƙari ne na sanin su waye muke kashewa.

Ranar da baƙo ya shigo gona

Mun riga mun ɗanɗana. A 2016 tsutsar tumatir, wadda manoma suka sa wa suna sharon, ta share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. A farkon shekarar nan ta 2016 kuma aka ga wata baƙuwar tsutsa tana cin zuciyar masara a kudu maso yammacin Nijeriya. Ta yi kama da tsutsotsin da aka saba da su. Sai da masana na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, suka duba ta da kyau, suka tabbatar ba 'yar gida ba ce, daga nahiyar Amurka ta zo. Cikin shekara biyu ta mamaye yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara.

Da aka ce ga sunanta, sai ƙofa ta buɗe. Duk abin da aka rubuta a kanta a Barazil da Meziko da Amurka, yadda take haihuwa, maganin da ta riga ta saba da shi, halittun da ke cin ta, ya zama namu a rana ɗaya. Sunan nan na Latin da muke jin nauyinsa a baki, mabuɗin ɗakin karatu ne.

Haka zancen sauro. Akwai nau'in sauro sama da 3,000, kaɗan ne daga ciki suke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Wani nau'i daga Asiya, Anopheles stephensi, wanda ke iya hayayyafa a tankin ruwa da randa a tsakiyar birni, an fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012. A shekarar, masu zazzaɓin da aka ƙirga a ƙasar ba su kai 30 ba. Zuwa 2020 sun haura 70,000. A 2020 ɗin aka gano wannan sauro a jihar Gombe. Wa ya gano shi? Wani ne da ya zauna da madubi yana duba fiffike da ƙafar sauro, irin zaman da Simon ya yi da gizo-gizo.

Af, har akwai wani ɗan gizo-gizo mai tsalle a gaɓar tafkin Biktoriya, a Kenya da Yuganda, wanda abincin da ya fi so shi ne macen sauro da ta sha jini ta ƙoshi. Sai a 2003 aka ba shi suna, Evarcha culicivora. Wata masaniya 'yar Folan, Wanda Wesołowska, da Robert Jackson suka bayyana shi. Shekara nawa yana bangon ɗakunan mutane ana share shi da tsintsiya?

"Ai muna da sunayenmu tun kaka da kakanni"

Muna da su, kuma ina alfahari da su. Manomi ko mafarauci ko mai maganin gargajiya ya san itatuwa da ciyayi da tsuntsaye da sunaye masu yawan gaske. Fara kaɗai tana da sunaye iri-iri a bakin mutanen karkara. Duk mai bincike mai hankali da su zai fara.

Amma a kan wannan halitta sunayenmu ba su da yawa. Gizo-gizo, tautau, sai Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi. Da wanda ke saƙa a kusurwar ɗaki, da mai tsalle a bango, da ƙaton nan mai gashi da ke zaune a rami, duk a kwando ɗaya muka zuba su.

Ga abin da hakan yake jawowa. Yarinya ta tashi da safe da wani jan tabo a wuya, ya yi ƙuraje masu ruwa, yana zafi kamar ƙuna. Kowa a gidan zai ce tautau ne ya yi mata fitsari. Na ga wannan a gidana da daminar bara. Aka bi bango da tsintsiya aka kashe duk gizo-gizon da aka gani. Washegari ƙaninta ma ya tashi da irinsa a kumatu. Sau da yawa mai laifin wani siririn ƙwaro ne, jikinsa baƙi da ruwan lemo, wanda ke zuwa wurin fitila da dare. Ba ya cizo. In ya hau jikinka ka murje shi, ruwan cikinsa ne yake ƙona fata. Maganin shi ne a hure shi ko a kaɗe shi, a wanke wurin da sabulu, a rage kwana kusa da fitila. Wani lokacin kuma ƙurajen ba na ƙwaro ba ne sam, ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jiki ta farka, kuma wannan asibiti take so. Abubuwa daban-daban muka haɗa a suna ɗaya, muka ɗora wa wanda ba ruwansa.

A Ostareliya akwai gizo-gizon da dafinsa yake kisa, a kewayen birnin Sidni. Saboda an san ainihin nau'insa, aka riƙa tatsar dafinsa har aka haɗa makari, aka fara amfani da shi a farkon shekarun 1980. Tun daga lokacin ba a sake rubuta mutuwar wani ta dalilinsa ba.

"Aikin masu kuɗi ne, kuma na 'yan mulkin mallaka"

Rabin wannan magana gaskiya ce. Simon ɗan masu hali ne, dukiyar gidansu ce ta ba shi damar yin aikin ba tare da neman albashi ba. Zamaninsa kuma zamanin mamaya ne, jiragen da suka kawo sojoji su suka koma da kwalabe. Wani ƙaton gizo-gizo na Nijeriya, Hysterocrates hercules, a Landan aka raɗa masa suna wajen shekarar 1900, a cikin dangin da Simon ya kafa a 1892. Tarin Simon kansa yana gidan adana halittu na Paris. Ɗalibinmu da ke son tabbatar da abin da ya kama a bayan gidansu, wani lokaci sai ya nemi biza, ko ya roƙi wani a Turai ya ɗauko masa hoto.

Wannan abin takaici ne. Amma me ya kamata takaicin ya haifar? In wani ya zo ya ƙirga dukiyar gidanku ya tafi da littafin, ai sai ku zauna ku yi naku lissafin. Afirka ta Kudu ta yi haka. Ansie Dippenaar-Schoeman ta shafe shekaru tana jagorantar ƙidayar gizo-gizon ƙasarsu, kuma a 1997 ita da Rudy Jocqué suka fitar da littafin gane dangogin gizo-gizon Afirka, wanda ɗalibai ke amfani da shi har yau. Mu kuwa, babban aikin da aka yi kan gizo-gizo masu tsalle na kudancin Nijeriya a 2011, Wesołowska ce da wani Bature ɗan Ingila suka yi shi. Ba su yi laifi ba. Gurbin da muka bari suka cike.

Wanda kuma yake ganin wannan ilimi baƙo ne a wajenmu, ya tuna cewa Alƙur'ani yana da sura sukutum mai sunan gizo-gizo, Suratul Ankabut, ban da ta ƙudan zuma da ta tururuwa. Ya tuna cewa a Suratul Baƙara an faɗa mana Allah Ya sanar da Annabi Adamu sunaye dukkansu. Al-Jahiz na Basra ya rubuta babban littafi a kan dabbobi tun ƙarni na 9, Al-Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya rubuta Hayatul Hayawan, littafin da malamanmu na zaure suka sani. Duban halitta da natsuwa gadonmu ne.

"Yanzu ai waya tana yi"

Wani matashi ya ce mini da ka ɗauki hoto ka sa a Google, suna zai fito. Yakan fito, in halittar ta shahara. Manhajar da hotunan da masana suka riga suka tantance aka koya mata. Abin da ba wanda ya taɓa bayyanawa, ba ta da inda za ta samo shi, sai ta ba ka sunan wani ɗan'uwansa na Turai ko Amurka. Gwajin ƙwayoyin gado ma haka yake, sai an samu abin kwatantawa da wani masani ya sa wa hannu.

Kuma aikin da saura da yawa. Wani ɗan Suwidin, Carl Clerck, shi ya fara ba gizo-gizo sunaye irin na kimiyya a 1757. Sai a watan Afrilun 2022 kundin gizo-gizon duniya, wanda ake kula da shi a birnin Bern na Suwizalan, ya rubuta nau'i na 50,000. Shekara 265 ke nan. Masu kundin suna ganin akwai kusan wasu 50,000 da ba a gano ba. Ba a Faransa suke ɓoye ba, inda aka shafe ƙarni biyu ana ɗaga kowane dutse. Suna wuraren da ba a duba ba, irin dajin Falgore da Yankari da tsaunukan Mambila da dausayin Hadeja da Nguru. Dazukan nan kuwa kullum raguwa suke yi, gatari da gawayi suna cin su. Wata halittar za ta ƙare ba a taɓa sanin ta wanzu ba.

Inda masu dariyar suke da gaskiya

Tambaya guda ce ta fi ƙarfina: in ya gama, wa zai ɗauke shi aiki? Uba yana da haƙƙin ya yi wannan tambaya. Guraben kaɗan ne. Akwai jami'o'i, akwai cibiyoyin binciken noma irin ta Samaru, akwai masu duba kayan gona a tashoshin jiragen ruwa da kan iyaka, akwai shirye-shiryen yaƙi da sauro. Ba su isa ba, kuma ba a ba su kuɗin da ya kamata.

Sai dai wannan laifin masu rabon kasafi ne, bai kamata yaro ya biya shi da mutuncinsa a zaure ba. Abin mamaki ma, a duk fannonin kimiyya da wuya a samu mai arha kamar wannan. Madubi mai kyau guda ɗaya, kwalabe, sifirit, kabad da ba ya yoyo, da albashin mutum ɗaya da zai zauna ya kula da su shekara da shekaru. Kundin Bern kyauta ne a intanet, da dubban takardun da aka rubuta tun zamanin Simon. Kuɗin motar babban jami'i guda zai kafa irin wannan ɗaki a jami'a, ya riƙe shi shekaru. Attajiranmu da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah Ya saka musu, ko ɗaya daga cikinsu zai iya ɗaukar nauyin ɗalibi biyu su ƙware a wannan fanni. Abin da dukiyar gida ta yi wa Simon, gidauniya za ta iya yi wa ɗan talaka.

Ran Asabar na je na sami yaron a ɗakinsa. Na ce, "Ɗana, nuna mini abin da ka tara." Ya ɗan yi jim, sannan ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Kwalaben allura ne da ya roƙo a wani kemis ya wanke, kowace da 'yar takarda a ciki da ya rubuta da fensir: sunan ƙauye, kwanan wata, a kan ganye ko a ƙasa. Ya ɗaga guda ɗaya saitin taga. Wata uwa ce mai ruwan ƙasa, da ɗan farin ƙunshin ƙwai maƙale a bayanta. Ya ce irin wannan ba ta saƙa, a guje take farauta a gindin shinkafa, har a kan ruwa tana iya gudu, kuma in ƙwan ya fashe 'ya'yan a bayanta suke hawa ta yi ta yawo da su. Ya ce a gonar da aka yi feshi kwana uku kafin zuwansa, da ƙyar ya samu ko ɗaya.

Na tambaye shi me ya rage masa. Ya ce sifirit ya ƙare, kuma madubin sashensu layi ake yi masa. Na ba shi kuɗin sifirit. Asabar mai zuwa zan kai shi gonar a kan babur, na kuma ce wa babban yayanmu ya zo mu tafi tare.